'Yan rakiyar histon: ma'aikatan da ke naɗe DNA a cikin tsiro, da abin da ke faruwa idan suka gaza

Idan aka ɗauki dukkan bayanan gado da ke cikin alkama aka mayar da su fayil irin na kwamfuta, za su ci wajen gigabait 4. Lissafin ba shi da wuya. DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kowane harafi yana buƙatar bit 2, alkama kuwa tana da haruffa kusan biliyan 16. Na masara biliyan 2.3 ne, wato abin da bai kai megabait 600 ba. Ga mai riƙe da waya mai gigabait 128, wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Inda ake ajiye shi ne abin mamaki.

Jikin tsiro, kamar na mutum, an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. Kusan kowane sel yana ɗauke da cikakken rubutun nan har kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a cikin wata 'yar jaka da ake kira cibiyar sel, wadda faɗinta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita ba. Shi kuma DNA zare ne siriri. Da za a warware na sel ɗin masara guda ɗaya a miƙe shi, zai kai mita ɗaya da rabi, na alkama kuwa ya haura mita 10. Duk wanda ya taɓa cusa igiyar iyafis a aljihu, ya ciro ta a cukurkuɗe bayan minti biyar, zai iya ƙiyasta girman aikin cusa mita 10 a wurin da bai kai kan allura ba.

Kuma ajiya kawai ba ta wadatar. Dole a riƙa karanta rubutun. Sel ɗin ganye da sel ɗin saiwa rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, harafi da harafi, amma na ganye yana buɗe sassan da ke koyar da sarrafa hasken rana, na saiwa kuma yana buɗe na tsotsar ruwa. Kowane sashe mai ɗauke da umarni guda shi ake kira ƙwayar gado. To wa ke buɗe wannan ya rufe wancan, kuma wa ke tabbatar da cewa tsarin bai ɓace ba duk lokacin da sel ya rabu gida biyu? Babban ɓangare na amsar yana hannun wasu furotin da ba a cika jin sunansu ba ko a ajin nazarin halittu.

Kwarkwaro mai manne wa duk abin da ya taɓa

Dabarar da halitta ke amfani da ita ita ce ta tela: a naɗe zare a jikin kwarkwaro. Kwarkwaron DNA wasu ƙananan furotin ne da ake kira histon, waɗanda wani Bajamushe, Albrecht Kossel, ya gano a 1884. An shafe shekaru ana ɗaukarsu ciko kawai, har sai a 1974 da Roger Kornberg ya bayyana yadda suke haɗuwa, sannan a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond da abokan aikinsu a birnin Zurich suka fitar da hoton ginin dalla-dalla. Histon takwas ne ke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya, bibbiyu daga nau'i huɗu: H2A da H2B da H3 da H4. Zaren DNA mai haruffa 147 yana zagaye dunƙulen kusan sau biyu, ya ɗan miƙe, ya sake zagaye na gaba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ƙarfi abin yana kama da carbi, sai dai a nan zaren ta waje yake bi, ba ta tsakiyar ƙwayar ba. Dunƙule ɗaya da zarensa shi ne nukiliyosom, carbin gaba ɗaya kuma kuromatin.

Inda carbin ya matse sosai, na'urar karanta DNA ba ta samun shiga, ƙwayar gadon da ke wurin sai ta yi shiru. Inda ya saki, karatu yana gudana. Bayan haka akwai 'yan alamomin sinadari da sel ke liƙa wa a jelar histon, wasu na nufin a buɗe, wasu na nufin a kulle. Ke nan kuromatin shi ne ma'ajiya, shi ne kuma saitin da ke faɗin wace manhaja za ta tashi, wacce za ta zauna a kashe.

Sai dai akwai matsala tun daga tushe. DNA yana ɗauke da cajin lantarki irin na gefen batir mai alamar ragi, histon kuwa na gefen mai alamar ƙari. Suna jan juna da ƙarfi. Idan aka zuba su biyun a kwalbar gwaji cikin ruwa mai gishiri daidai da na cikin sel, ba carbi ake samu ba, gudaji ake samu, irin na kunun da aka kwarara wa ruwan zafi ba a dama ba. Histon da aka sake shi haka nan haɗari ne ga sel, domin zai manne a inda bai dace ba.

A 1978 wani masani a Kambirij ta Ingila, Ron Laskey, da abokan aikinsa suka gano yadda halitta ke kauce wa wannan. Sun yi aiki ne da ƙwan wani kwaɗo na kudancin Afirka mai suna Xenopus, wanda ke tara histon mai yawa saboda rabe-raben sel da za su biyo bayan barbara. A cikin ƙwan suka sami wani furotin, nukiliyofilasmin, da ke riƙe histon ya rufe cajinsa, ya kai shi wurin DNA ya miƙa shi a tsanake, sannan ya janye. Ba ya zama cikin ginin da aka gama. Laskey ya ara masa kalmar shaferon, wadda a Turai take nufin dattijuwar da ke raka budurwa wurin taro don kada ta yi cuɗanyar da ba ta dace ba. A Hausa 'yan rakiya ya fi dacewa da su, irin na amarya: su kai ta ɗakinta, su ga ta zauna, su koma gida. Daga baya an faɗaɗa kalmar ta haɗa da wasu furotin masu taimaka wa 'yan uwansu, amma a kan histon aka fara raɗa ta.

Ciyawar da karanta ya baje

Yawancin abin da aka sani game da 'yan rakiyar histon a tsirrai ya fito ne daga wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis. Ba a cinta, ba a sayar da ita, amma masu bincike suna sonta saboda tana kammala rayuwarta daga iri zuwa iri cikin wajen wata biyu, kuromosom ɗinta biyar ne kawai, kuma rubutunta gajere ne, haruffa kimanin miliyan 135. Ita ce tsiro na farko da aka karanta rubutun gadonsa kusan gaba ɗaya, a ƙarshen shekarar 2000.

A 1992 Ottoline Leyser da Ian Furner suka bayyana wasu jinsunan ciyawar masu lahani, biyu daga ciki ana kiransu fasciata 1 da fasciata 2, ko fas1 da fas2 a taƙaice. Sunan daga Latin yake, yana nufin abin da ya baje kamar ɗamara. Karansu, maimakon ya fito a mulmule, yakan baje ya yi faɗi, wani lokaci ya tsage gida biyu. Ganyen ba sa jeruwa bisa tsarin da aka sani, gefensu yana da tsaga-tsaga, saiwar kuma gajera ce. A lokacin ba a san mene ne ya lalace ba. Sai a 2001 Hidetaka Kaya da Takashi Araki da tawagarsu a Japan suka nuna cewa FAS1 da FAS2 sassa biyu ne na wani ɗan rakiya da aka riga aka sani a jikin mutum, mai suna CAF-1, wanda ɗakin binciken Bruce Stillman a Amurka ya gano tun 1989. Sashe na uku a tsiro shi ne MSI1.

Aikin CAF-1 yana da lokaci takamaimai. Kafin sel ya rabu biyu, dole ya kwafe DNA ɗinsa gaba ɗaya. Na'urar kwafi ba ta iya wucewa ta kan kwarkwaro, don haka ana kwance nukiliyosom a gabanta. A bayanta kuma zare biyu ne ke fitowa maimakon ɗaya, alhali tsofaffin histon na zare ɗaya ne. Ana raba tsofaffin tsakanin zaren biyu, sauran rabin kuma sai an kawo sababbi. CAF-1 yana maƙale da na'urar kwafin, yana bin ta a baya yana ɗora sababbin H3 da H4 a kan zaren da ya fito tsirara. Idan babu shi, wasu 'yan rakiyar suna cike giɓin, amma a makare kuma ba bisa ƙa'ida ba.

Me ya sa wannan zai baje kara? Saboda yadda tsiro ke girma. Jariri ana haihuwarsa da hannu da ƙafa da ido a kammale, girma kawai suke yi. Tsiro kuwa bai taɓa gama gina jikinsa ba. A ƙolin kowane reshe da bakin kowace saiwa akwai wani ɗan gungun sel-sel da ake kira meristem, waɗanda ke ta rabuwa suna samar da sabon ganye da sabon fure da sabuwar saiwa. Bishiyar kuka da ta haura shekara dubu, meristem ne ke fitar mata da ganyen bana. A wannan wuri, dole kowane sel ya san matsayinsa. Akwai ƙwayar gado mai suna WUSCHEL da ya kamata ta yi aiki a wasu 'yan sel kaɗan a tsakiyar meristem na sama, da wata mai suna SCARECROW da ke aiki a zobe ɗaya na sel-sel a cikin saiwa. Tawagar Kaya ta ga cewa a cikin fas, WUSCHEL tana bazuwa zuwa inda ba nata ba, SCARECROW kuma tana mutuwa a wasu sel-sel na zoben ta bar wasu. Kuma ba iri ɗaya ba ne daga tsiro zuwa tsiro. Kowanne da irin tasa ɓarnar.

Wannan rashin tabbas shi ne abin lura. Rubutun WUSCHEL da na SCARECROW lafiyarsu ƙalau, ko harafi ɗaya bai canza ba. Abin da ya lalace shi ne gadon saiti daga sel uwa zuwa 'ya'yanta. Kamar a ce duk lokacin da aka kwashe bayanai daga tsohuwar waya zuwa sabuwa, fayiloli suna isa lafiya, amma wasu saituka suna juyewa da kansu, kuma ba a san wanne zai juye ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a siffa ba. A 2010 masu bincike a birnin Brno na Jamhuriyar Cek, ciki har da Iva Mozgová da Jiří Fajkus, suka bi zuriyar fas tsara bayan tsara. Sun ga cewa telomiya, wato murfin da ke kare bakin kowane kuromosom kamar robar da ke bakin igiyar takalmi, yana gajercewa a kowace tsara. Haka nan ɗaruruwan kwafin ƙwayar gadon da sel ke buƙata don ƙera injinan haɗa furotin suna ta zubewa, har ya rage kaɗan daga abin da aka fara da shi. A nan rubutun kansa ne ya fara yagewa, saboda zaren da aka bari ba naɗi ya fi saurin tsinkewa, gyaran gaggawa kuma yakan yar da wani abu. Wani aikin a 2015 ya ƙara nuna cewa a cikin fas, ƙwayoyin gadon yaƙi da cuta suna zama a shirye ko da babu cutar.

Duk da haka, ciyawar tana rayuwa har ta yi iri. Ɓera da aka cire wa babban sashen CAF-1 yana mutuwa tun yana ɗan dunƙulen sel-sel a cikin uwarsa. Wannan juriya ta tsiro ce ta sa ake iya ganin abin da rashin CAF-1 ke yi wa cikakkiyar halitta, abin da ba ya yiwuwa a dabba. Sashe na uku, MSI1, labarinsa daban ne, domin yana aiki a wata ƙungiyar kuma: idan babu shi, ƙwan fure yakan fara zama iri ba tare da barbara ba, sannan ya lalace.

Histon biyu masu kama da juna

H3 ba guda ɗaya ba ne. A Arabidopsis akwai H3.1 da H3.3, kowanne sarƙa ce mai ƙulli 135, kuma a ƙulli 4 kawai suka bambanta. Duk da haka kowanne da ɗan rakiyarsa. CAF-1 yana ɗaukar H3.1, kuma galibi lokacin kwafi yake aiki. H3.3 kuwa wani mai suna HIRA ne babban mai kai shi, a kowane lokaci, musamman a wuraren da ake yawan karantawa, inda kwarkwaro ke yawan faɗuwa. Akwai na uku, ASF1, wanda ya zama kamar babban dillali: shi ke karɓar sababbin H3 da H4 ya miƙa wa CAF-1 ko HIRA. Arabidopsis tana da ASF1 guda biyu, kuma idan aka kashe duka biyun, tsiron yana fitowa wada, ga ƙarancin iri.

Bambancin ƙulli 4 ɗin nan yana da nauyi. A 2014 Yannick Jacob da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu furotin biyu masu liƙa alamar kulle, ATXR5 da ATXR6, suna gane H3.1 ne kawai, ta hanyar ƙulli na 31. Wato a daidai lokacin da CAF-1 ke ɗora sabon histon, yana ɗora wanda za a iya buga wa hatimin kulle nan take. A 2017 Danhua Jiang da Frédéric Berger na cibiyar Gregor Mendel da ke Biyana ta Ostiriya suka nuna cewa ta wannan hanya ce tsiro ke mayar da alamar kullen da ta ragu da rabi bayan kowane kwafi.

Misali mafi daɗin fahimta shi ne yadda tsiro ke tuna sanyi. Jinsunan Arabidopsis da yawa na ƙasashen Turai suna tsirowa kafin hunturu, kuma idan suka yi fure a lokacin, ƙanƙara za ta kashe furen. Suna da wata ƙwayar gado, FLC, wadda birki ce ga fitar da fure. Makonni na sanyi suna sa a kulle FLC da alamar nan, aikin da Caroline Dean a Ingila da Richard Amasino a Amurka suka shafe shekaru suna warwarewa. Idan ɗumi ya dawo, sanyin ya tafi, amma birkin yana nan a kulle, har a cikin sababbin sel-sel da ba su taɓa ganin sanyi ba, domin an haife su ne bayan ya wuce. Labarin hunturun yana isa gare su ta kan histon, kwafi bayan kwafi. Babu ƙwaƙwalwa, babu jijiya, amma tsiron ya riƙe abin da ya faru wata uku baya.

Sai dai 'ya'yan wannan tsiro dole su jira nasu hunturun, in ba haka ba za su yi fure da wuri su mutu. Don haka a wurin haihuwa ana yi wa kuromatin abin da masu gyaran waya ke kira filashin. Ɗaya daga cikin hanyoyin, kamar yadda ɗakin binciken Berger ya nuna a 2020, yana faruwa ne a cikin bununi, wato ƙurar fure mai ɗauke da sel-sel na namiji. A can ana sauya H3 da wani nau'i na musamman, H3.10, wanda alamar kullen ba ta kamawa a jikinsa.

Zafi

A 2010 Ales Pecinka da Ortrun Mittelsten Scheid, su ma a Biyana, suka saka Arabidopsis cikin zafin digiri 37 na fiye da kwana ɗaya. A Kano ko Maraɗi wannan zafin la'asar ne na watan Afrilu, amma ga ciyawar ƙasar sanyi azaba ce. Sun ga kwarkwaro ya ragu a kan DNA, wuraren da ke matse suka saki, sassan da ya kamata su kasance a kulle har abada suka fara magana.

Waɗannan sassa ba na wasa ba ne. Rubutun gadon tsirrai cike yake da guntayen DNA masu iya kwafar kansu su faɗa wani wuri, waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara, ta kuma sami kyautar Nobel a kansu a 1983. Wajen kashi 85 cikin 100 na rubutun masara irinsu ne. Kamar bairos ne da ba a iya gogewa, sai dai a killace, kuma matsattsen kuromatin shi ne killacewar. A gwajin Biyana, tsiro mai lafiya ya mayar da naɗinsa ya sake kulle su cikin 'yan kwanaki bayan zafin ya wuce. Wanda ba shi da CAF-1 kuwa ya daɗe bai farfaɗo ba.

A ɗaya gefen, akwai ƙwayoyin gadon da dole a buɗe su da sauri idan zafi ya zo, masu ƙera furotin na kariya. Wani aiki na 2014 ya nuna cewa ASF1 yana zuwa kan wasu daga cikinsu ya taimaka wajen kwashe kwarkwaron da ya tare hanya, kuma tsiron da ba shi da ASF1 ya fi saurin galabaita. Ɗan rakiya ke nan yana aikin kwancewa, ba ɗaurewa kawai ba.

Shi ma H2A yana da ɗan uwa, H2A.Z. A 2010 Vinod Kumar da Philip Wigge na cibiyar John Innes a Ingila suka ga cewa idan aka ɗan ƙara ɗumi, H2A.Z yana barin wasu ƙwayoyin gado, kuma tsiron da ba ya iya ɗora H2A.Z yadda ya kamata yana nuna halin wanda ke cikin ɗumi ko da a sanyi yake: ya yi tsawo, ya yi fure da wuri. Mai ɗora H2A.Z wata na'ura ce mai cin makamashi, SWR1, ba ɗan rakiya ba, amma a 2020 aka nuna cewa 'yan rakiya biyu, NRP1 da NRP2, suna hana shi taruwa fiye da kima. A 2013 kuma an yi gwajin a wata ciyawa dangin alkama da sha'ir, Brachypodium, aka ga cewa taɓa H2A.Z yana rage nauyin tsaba kamar yadda zafi ke yi. Manomin alkama a Kadawa ko Haɗejiya ya san wannan ciwo ba tare da sunansa ba: wanda ya makara bai shuka ba har sanyi ya yi nisa, zafin Maris yana riskar zangarniyar tana cikin cika, tsabar ta fito a yamushe. Zafi yana taɓa abubuwa da yawa a jikin alkama, kuma kuromatin ɗaya ne daga ciki, don haka duk wanda ya ce gyara ɗan rakiya guda zai kawo alkamar bazara, ya yi gaggawa.

NRP1 da NRP2 ɗin nan, tun 2006 aka san cewa rashinsu yana tsayar da girman saiwa, daga baya kuma aka ga suna cikin masu tsara wane sel ne zai fitar da gashin saiwa. Akwai kuma FACT, wanda ke tafiya tare da na'urar karatu, yana sassauta kwarkwaro a gabanta yana mayar da shi a bayanta. Idan aka rage shi, Arabidopsis tana yin fure da wuri. Idan aka cire shi ɗungum, ba ta rayuwa.

Inda abin ya fara isa gona

Kowane kuromosom yana da ƙugu, wurin da igiyoyin sel ke kamawa su ja shi gefe lokacin rabuwa. Abin da ke nuna wa igiyoyin inda ƙugun yake wani H3 ne na musamman, CENH3. A jikin mutum an san ɗan rakiyar da ke kai takwaransa, sunansa HJURP. Tsirrai ba su da mai kama da shi, amma a 2020 masu bincike suka nuna cewa wani ɗan rakiya mai suna NASP yana riƙe CENH3 a Arabidopsis, kuma idan aka rage NASP, CENH3 yana raguwa a ƙugun.

Amfanin wannan ga mai samar da iri ya bayyana tun 2010, lokacin da Maruthachalam Ravi da Simon Chan na jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka sauya fasalin CENH3 a wata Arabidopsis, suka yi mata barbara da mai lafiya. A cikin ɗan tayin, kuromosom ɗin da suka zo daga mai lahanin ba su kamu da igiya da kyau ba, aka yi ta barinsu a baya har suka ɓace. Wani kaso mai yawa na 'ya'yan ya fito da kwafi ɗaya kawai, na iyaye guda. Idan aka ninka wannan kwafi, ana samun tsiron da kwafinsa biyu daidai suke harafi da harafi, wato tsantsar iri wanda 'ya'yansa ba sa sauya hali.

A hanyar gargajiya, samun irin wannan tsantsa yana ɗaukar tsara 6 zuwa 8 ana yi wa tsiro barbara da kansa. Ga mai binciken iri a Samaru ta Zariya ko Sadore ta Nijar, kowace tsara damina ce, sai in akwai ban ruwa. Hanyar kwafi ɗaya tana rage wannan zuwa tsara 2. A masara an daɗe ana yin haka ta wata dabarar daban, har cibiyar CIMMYT ta buɗe wurin yin sa a Kiboko ta Kenya a 2013, amma amfanin gona da yawa ba su da irin wannan dabara. CENH3 kuwa kowane tsiro yana da shi, shi ya sa aka sa masa ido.

Ɗauko shi daga ciyawar gwaji zuwa abin ci bai zo da sauƙi ba, domin idan lahanin ya yi yawa tsiron ba ya haihuwa, idan ya yi kaɗan kuromosom ba ya ɓacewa. An ɗauki shekara goma. A 2020 aka yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR aka taɓa CENH3 na alkama, aka sami wajen 7 cikin kowane 100 na 'ya'yan da kwafi ɗaya. A 2021 ɗakin binciken Kelly Dawe a jami'ar Jojiya ta Amurka ya yi makamancin haka a masara. A wannan shekarar kuma masu bincike a Davis suka bayyana abin da ke faruwa a Arabidopsis: ana kwashe CENH3 mai lahanin daga ƙugun kuromosom a daidai lokacin da ƙwai da bununi ke haɗuwa, sai kuromosom ɗin ɓangare ɗaya su shiga rabuwar farko da ƙugu mai rauni, na ɗaya ɓangaren kuma da cikakke.